Mai Fito daga Bayan Shinge

Mun tashi da asuba ranar Asabar, ana idar da salla, ni da maƙwabcina mutumin Maraɗi. Hanya ce kawai ta haɗa mu. Shi Raleigh za shi wajen sunan ɗan ƙanwar matarsa, ni kuma zan wuce can gaba, wani ƙaramin gari a tsakiyar gonaki inda masu sha'awar tsofaffin jiragen yaƙi ke haɗuwa sau ɗaya a shekara, su tashi jiragensu jama'a su yi kallo. Mutum uku na yi wa tayin tafiyar. Ɗaya ya ce yana da shif, ɗaya ya ce matarsa ta riga ta tsara masa wikend, na ukun ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Jirgi? Ba shi ya kawo mu ƙasar nan ba?" Daga nan ban ƙara yi wa kowa tayi ba.

Unguwarmu ta East Greensboro na barci muka fito, babu abin da ke motsi sai fitilun kan hanya da ke canja launi ba mai kallonsu. Sanyin Oktoba ya fara shigowa. Muka tsaya muka sha mai, galan dala uku da ɗan abin da ba a rasa ba, muka hau babbar hanya muka fuskanci gabas. Mun wuce Burlington gari na wayewa, sannan maƙwabcin nawa ya ajiye kofin shayinsa ya yi tambayar da ke cinsa.

"Bon, Malam, mi za ka gani ga jirgi da ba ka taɓa gani ba?"

Na ce masa ni ba kallo za ni ba, ji za ni. Ya yi min kallon da ake yi wa wanda zaman Amurka ya fara taɓawa, don haka dole na ba shi labarin, kuma ku ma bari in ba ku.

A Kurna muka tashi, a Kano, inda jiragen sama ke bi ta kan gidaje kamar na unguwa. Ni ne auta, Yaya kuma shi ne babba. Wasanmu shi ne mu hau kan soro mu kwanta rigingine, Yaya ya ce, "Rufe ido!" In ƙara ta taso, sai an faɗi wane jirgi ne kafin a buɗe. Sunayen gaskiya ba mu san su ba, mu muka raɗa musu namu. Akwai Tsawa, wanda sai ya wuce kake jin sa. Akwai Gwaggo, ƙaton jirgin kaya mai farfela huɗu da ke tafe yana nishi. Sannan akwai Mai Fito, ɗan ƙaramin jirgin da sojojin sama ke koyon tuƙi da shi, wanda kafin rugugi sai ya fara da wani siririn fito. Shi ne na Yaya. Kuma duk sa'ad da ya ratsa, yaran unguwa kaf, na kan soro da na cikin lungu, sai a ɗauki ihu, "Ga shi nan! Ga shi nan!" Kaji su watse, Umma ta fito da muciya tana cewa za mu rufta mata ɗaki.

Wata shekara aka ce sojojin za su buɗe ƙofa kowa ya shiga ya ga jirage. Muka taka a ƙafa cikin rana. Sojan bakin ƙofa ya ce yaro sai da babba. Yaya ya ce ai shi ne babba, sojan ya yi dariya ya ɗaga bulala. Muka zagaya bayan shingen waya muka tsaya, ina kuka, Yaya na cewa, "Gara nan ma, Auta." Ban yarda da shi ba.

Yaya ya nemi aikin sojan sama, gwajin ido ya kayar da shi, ya zama mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Bara waccan hawan jinin ido ya ƙarasa idanun gaba ɗaya. Tun daga nan maganarsa ta ƙafe. Mutumin da in ya fara labari sai abinci ya huce, yanzu in na kira sai ya ce, "Lafiya lau, Auta. Ga ta nan," ya miƙa wa matarsa waya. Magani na aika, waya mai karanta saƙo na aika, duk a banza. Wallahi abin na ci na, domin a duniya shi ne ya rage min wanda ya san ni tun ban san kaina ba. Sai ran nan a wurin aiki, lokacin hutun cin abinci, na ci karo da bidiyon wannan taron jirage, na ga Mai Fito da idona yana tashi a North Carolina. Na ce in dai akwai abin da zai buɗe bakin Yaya, to wannan fiton ne.

"To mi ya hana ka tura mishi bidiyon ka huta da tahiya?" in ji maƙwabcina.

Na ce duk bidiyon da na samu an ɗora masa kiɗa, ba a jin injin. Ni zan je da kaina in ɗauko sautin tsantsa. Ya ce, "Dakor," wato ya yarda a Faransancinsu, amma na ga alamar bai gamsu ba.

Na sauke shi a Raleigh a ƙofar gidan sunan, ƙamshin suyar rago na fitowa ta gareji. Ya yi ta roƙona in shigo ko lomar biyu in yi, na ce sauri nake. Matarsa dama ta ɗauro min dambu da zogale a kula, irin nasu na Nijar da ake cika wa ƙuli da yaji. Na ja mota, daga nan sai ni kaɗai.

Bayan Raleigh hanya ta tsuke. Gonakin auduga sun yi fari fat ana jiran girbi, sai waken soya da ya bushe a tsaye, sai tsofaffin rumbunan shanya taba da suka karkace ba mai kula da su. Coci kuwa, kowace kwana da nata, fara ƙal da maƙabarta a gefe. Abin da ban gani ba shi ne mutum. A gida in ka yi tafiya irin wannan, ko ba ka so sai ka ga mai rake, mai fura, mai facin taya, wani tsoho a gindin bishiya ya ɗaga maka hannu. Nan an share hanya tas an kulle kowa a ɗaki. Na kunna rediyo, na kashe. Na kama kaina ina yi wa wata saniya sannu.

Da hantsi na isa. Aka nuna min fakin a kan ciyawa, na biya dala ashirin a ƙofa, wata yarinya ta ɗaura min zaren roba a hannu ta ce in ji daɗin ranata. Na tsaya jim bayan na shige. Da furfura a gemuna, yau ne karon farko da na shiga cikin shinge, kuma ba wanda ya tambaye ni ina babbana.

Yawancin mutanen wurin tsofaffi ne, Turawa, kowa da hular hana-salla mai hoton jirgi da kujerarsa mai naɗewa. Kusan rabinsu da na'urar ji a kunne, jiragen da suke ƙauna su suka cinye musu kunnuwa, don haka hirarsu duk da ƙarfi ake yin ta kamar ana faɗa. Kuma hirar ba ta jiragen da ke gabansu ba ce, ta waɗanda suka wuce ce. Wani na ba da labarin shekarar da wani jirgi ya yi ƙasa-ƙasa har gilasan shagunan garin suka tsage, wani ya ce ƙarya ne ba a garin nan aka yi ba, a garin su matarsa ne. Wani ya ce a da ana barin yara su hau kujerar matuƙi su taɓa komai, yanzu ko'ina igiya. Wani dogo mai sanda ya nuna min wani ƙaton jirgi mai farfela ya ce a cikin irinsa ya yi ƙuruciyarsa, mutum shida suke, saura shi. Ya faɗe shi kamar yana faɗin farashin mai, sannan ya juya ya ci gaba da kallon jirgin. Na lura kowa a wurin yana da wanda yake ba labari, amma ba kowa ke da mai sauraro ba.

Can ƙarshen layi na same shi. Mai Fito. Ashe ɗan mitsitsi ne haka? A kan soronmu cika sama yake yi. An yi masa fenti ruwan toka, ga kujeru biyu ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho mai kyamara ya ga na daɗe a tsaye ya tambaye ni daga ina nake. Na ce Najeriya, kuma irin wannan ne ke bi ta kan gidanmu ina yaro. Sai ya kama hannuna yana girgizawa kamar ya ga ɗan'uwa, ya ce sunan jirgin L-39, ƙirar Cekoslobakiya, ya jero min ƙasashen da suka yi amfani da shi. Na tambaye shi na wace runduna ne wannan. Ya ce ba na runduna ba ne, na wani likitan haƙori ne. Jama'a, jirgin da muka ɗauka sai gwamnati, ashe mai cire haƙori ma na iya ajiye shi. Na miƙa hannu ta saman igiya na taɓa bakin fiffiken, rana ta ɗumama shi.

Abinci kuwa sai a hankali. Hayaƙin gashi ya cika wurin, amma wannan yanki naman alade ne sarautarsu, har wake ma sai sun jefa masa. Na sayi gasasshiyar masara dala biyar, da wani soyayyen ƙulli mai kama da fanke da aka barbaɗa wa garin sukari har ya yi min fari a riga. Ruwan gora ɗaya dala huɗu. Na sha rabi na adana rabi.

Wajen sha ɗaya da rabi aka ce Mai Fito zai tashi. Na kutsa har gaban igiya, na kunna ɗaukar sauti, na ɗaga waya sama. Jirgin ya gangara kan titinsa. Yana fara ɗaukar gudu sai lasifikokin filin suka fashe da kiɗan gita, wani mai sanarwa ya hau kai yana ta zuba kamar ɗan kamasho. Haka aka yi har jirgin ya gama juyinsa ya sauka. Ashe ba masu ɗora bidiyo ke saka kiɗan ba. A filin ake kunna shi, kowane jirgi da waƙarsa, haka al'adar take, ni ne ban sani ba. Na koma gefe na saurari abin da na ɗauka: kiɗa, surutu, tafi, sai wani ɗan gurnani a ƙasa da ko injin markaɗe zai iya yin sa. Fiton babu shi. Na tsaya riƙe da wayar a hannu.

"Zauna, ɗana, ba mai zuwa."

Wata tsohuwa ce Baturiya, 'yar firit, da bargo a cinya da kujeru biyu, ɗaya babu kowa. Na zauna. Ta ce kujerar mijinta ce, ya rasu, amma jakar da ake saka su kujeru biyu take ci, kuma ita ba ta ga dalilin raba su ba. Ta tambaye ni me ya ɓata min rai. Ban san me ya sa ba, na kwashe labarin Yaya kaf na ba ta, har da soro da muciyar Umma. Ta ce ai mijinta ma haka yake, lasifikar nan ita ce abokiyar gabarsa. In jirgin da yake so zai tashi, sai ya bar ta a nan ya fita waje. Ta nuna min da yatsa: in fita ta ƙofa, in bi hanyar ƙasa ta bayan wata coci, zan tarar da inda titin jirgin ya ƙare a jikin shinge. Can ba lasifika. Jirgin zai sake tashi ƙarfe ɗaya da rabi, daga nan kuma sai baɗi.

"Amma in ka fita za su yanke zaren hannunka," in ji ta. "Dawowa sai ka sake biya."

Na ce ta zo mu je tare. Ta yi dariya ta ce gwiwoyinta ba za su kai ta ba. "Kuma ni kiɗan nake so. Shi ne ba ya so."

Haka na fita da ƙafata daga shingen da na shekara da shekaru ina son shiga. Na bi hanyar ƙasar, na wuce cocin, na tarar da wurin kamar yadda ta faɗa: shingen waya, bayansa titin jirgi ya miƙe, ta wannan gefen gonar waken soya. Na zaci zan sami wasu irina. Babu kowa, sai iska na kaɗa busasshen wake. Na yi alwala da ragowar ruwan dala huɗu, na shimfiɗa darduma a gefen mota na yi azahar, na buɗe kular dambu na ci a tsaye. A nan na canja shawara. Maimakon in ɗauki sauti in tura, in zauna ina jiran amsar da wataƙila ba za ta zo ba, gara in kira kai tsaye. A Kano lokacin an idar da magariba.

Matar Yaya ta ɗauka. Na ce, "Anti, yana kusa?"

"Ga shi nan a tsakar gida kan tabarma."

"Ba shi, don Allah. Kada ki ce masa komai."

Na ji motsin waya, sannan muryarsa. "Lafiya lau, Auta. Ga ta nan."

"Yaya, tsaya! Rufe ido."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na duba wayar ko layin ya yanke.

"A rufe suke," in ji shi.

Daidai nan fiton ya taso daga can ƙarshen titi, siriri, yana hawa yana hawa. Na sa lasifikar waya na ɗaga ta sama da hannu biyu. Fiton ya kumbura ya zama rugugi, jirgin ya bar ƙasa ya bi ta saman kaina har na ga cikinsa, warin mansa ya sauko min, ƙirjina na rawa. Ya yi sama ya ƙanƙance. Na sauke wayar. Ban ce komai ba, domin dokar wasan ke nan.

"Mai Fito," in ji Yaya a hankali. Sai kuma da ƙarfi, "Mai Fito ne wannan! Kai, a ina ka samo shi? Yanzu ya tashi, bai gama hawa ba. Jira, zai zagayo, ba ya tafiya bai dawo ba."

Muka jira tare, kuma a jiran nan Yaya ya yi maganar da bai yi ba tun da idonsa ya tafi. Ya tambayi ko Tsawa na nan, na ce ban gan shi ba. Ya tuno Gwaggo. Ya tuno sojan bulala, ya ce har yau yana jin haushin dariyar nan. Ya ce ni kuma na cika masa riga da majina. Na ce masa na wani likitan haƙori ne jirgin, ya ce in daina yi masa ƙarya don na ga ba ya gani.

"A ina kake tsaye, da ya fito tas haka?"

"Bayan shinge, Yaya."

Ya yi dariya har da tari. "Ban faɗa maka gara nan ba?" Sai dariyar ta tsaya. "Amma ban ji ihu ba. Jirgi ya wuce ba wanda ya ce uffan. Babu kowa a wajen ne?"

"Ni kaɗai ne."

"Kullum haka kake a can?"

Na buɗe baki in ce a'a, akwai jama'a, akwai masallaci, akwai maƙwabta, maganar ta ƙi fita. Na tsaya ina kallon gonar wake. Shi ma bai matsa min ba. Can ya ce, "To in ya dawo sai mu yi mu biyu."

Fiton ya sake tasowa ta bayan cocin. Da jirgin ya zo saitin kaina na ji Yaya ta cikin waya ya ɗauka, "Ga shi nan! Ga shi nan!" Ni ma na saki murya iya ƙarfina, ƙato da ni a bakin gonar mutane, hawaye na zuba. Ta can ɓangaren ina jin Anti na salati tana tambayar ko lafiya, da muryoyin yaransa da suka fito a guje. Muka yi ta yi har jirgin ya sauka. Kafin a kira isha'i a can ya ce in neme shi ranar Juma'a, daga duk inda jirgi ke wucewa.

Ban koma cikin filin ba. Na so in yi wa tsohuwar godiya, amma an yanke zaren, kuma ko sunanta ban tambaya ba. Na biya ta Raleigh na ɗauki maƙwabcina, ya shigo da ledar naman suna ya ce tawa ce. Ya tambaye ni ko na samo kukan jirgin, na ce na samo. Kafin Durham barci ya kwashe shi. Muka shigo Greensboro rana na faɗuwa, ya shige gidansa yara suka tarbe shi suna ta Turanci. Na hau nawa benen, na buɗe ƙofa na yi sallama kamar yadda na saba. Ba wanda ya amsa, kamar yadda aka saba. Amsar tambayar Yaya ke nan.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa. Na farko, in za ku je kallon jirage a ƙasar nan, ku tafi da abincinku da ruwanku, kuma in sautin kuke so, kada ku biya kuɗin shiga. Na biyu, na tafi ne da niyyar fito da makaho daga cikin shirunsa, sai ga shi da kunne ɗaya a kan waya ya jiyo nawa daga Kurna, abin da masu ido da muke gaisawa kullum ba su gani ba. Na riga na gano wata 'yar hanya a bayan filin jirgin Greensboro inda shinge ya matso kusa da titi, can zan tsaya ranar Juma'a. Jiragen kaya ne da na fasinja, ba mu da suna ko ɗaya a kansu, sai mun raɗa.

Muryata har yau a disashe take. A wurin aiki wata ta tambaye ni ko mura ce, na ce mata e.